Abarba Mai Warin Kananzir

Na ji ku sarai. Hancina ne ya taɓa samun matsala, kunnena garau yake. Tun ɗazu kuke cewa wai duk kasuwar Zuba babu mai cin bulus irin Sale Bututu: ya hau mota, ya shinshina, ya sauko, a yanka masa abarba ya ci, a sallame shi. To madalla, kallon kitse kuke wa rogo. Tunda motar da muke jira ba ta iso ba, ku gyara zama a kan baron naku in gaya muku yadda ake cin wannan bulus ɗin.

Ga kayan aikin gaba ɗaya. Bututun roba ne irin na famfo, ya ɗan fi ni tsawo, an toshe ƙasansa da katako mai santsi, an huhhuda gefensa da ƙusa mai zafi. Idan motar abarba ta taso daga Kudu ta kwana a hanya, na saman kowa yana ganinsu, ko makaho ya shafa zai ce sun yi kyau. Abin da dila yake son sani shi ne cikin lodin, can ƙasa inda nauyi ya danne, iska ba ta shiga, zafi ya taru. Ba a sauke mota don a duba, in an sauke an saya ke nan. Sai ni in hau, in lallaɓa bututun nan tsakanin 'ya'yan ba tare da na huda ko ɗaya ba, in kai hanci in shaƙi numfashin motar. In na ce lafiya, a yi ciniki. In na ce ta dahu, wato zafi ya lalata na ciki, direba ya je ya karyar wa masu tire.

Kuma maganar ba ta ƙarewa a fatar baki. Al'adar layin abarba ce tun kafin in zo: wanda ya ce mota lafiya take, idan sauke kaya ya kai tsakiya, za a ɗauko guda daga daidai inda bututunsa ya tsaya, a yanka a gaban dila da direba, shi zai fara ci. Yankan shaida muke ce masa. Ba a tofarwa, ba a yatsina fuska. In ka yatsina ka ƙaryata kanka, gobe babu mai kiranka.

Motar da na fara hawa, lokacin baro nake turawa kamar ku. Mai bututun nan a lokacin Baba Terna ne, wani dattijo mutumin Binuwai da ya zo Zuba da lemo ya ƙi komawa. Ya lura duk abarbar da zan sa a baro sai na juya gindinta na shinshina, sai ran nan ya ce, “Kai ɗan Zazzau, zo ka hau.” Na kai hanci, wani ƙamshi ya bugo ni, zaƙi zalla. Na ɗago ina washe baki na ce, “Baba, wannan ai ba a magana!” Na sake shaƙa, na sake, ina ta jin daɗina. Ya fizge bututun ya zabga min a gadon baya.

“Ka gama kashe hancin ai. Sauka ka je bakin titi ka sha iska, ka dawo.”

Da na dawo ya ce shaƙa ɗaya, gajera, in ɗaga kai. A ƙarƙashin zaƙin nan sai na ji wani siririn tsami, irin na kunun da ya kwana. Baba ya ce ta dahu. Wani mai taurin kai ya ce ƙamshin ya ishe shi shaida, ya saya, aka sauke masa, tsakiyar duk ta zama ruwa, ƙudan zuma suka kore mu daga wurin.

Daga ranar ya riƙe ni. Ya ce hanci malalacin ɗan aike ne, labarin farko yake kawowa da gudu, in ka ci gaba da aikensa wuri ɗaya sai ya daina kawo komai. Shi ya sa mahauci ba ya jin ƙarnin kwata, ku ma da kuke wuni a nan ba kwa jin kasuwar, sai baƙo. Ya hana ni sigari, ya hana ni yaji da safe. Turare kuwa ranar Juma'a kaɗai nake shafawa, kuma ranar in an sauko daga masallaci ba na hawa mota. Tsakanin mota da mota in shinshina hannun rigata, hanci ya dawo daidai. Ya koya min abarbar Kwatano, doguwar nan mai farin tsoka, tana ɓoye ƙamshinta, sai ka bi ta a hankali. Ta Edo mai ƙiba kuwa surutu gare ta, ita ta fi yaudara. Ya koya min warin tafarnuwa-tafarnuwa da ke tashi daga ayabar da aka nunar da sinadarin kabaid. Ranar da gwiwa ta hana shi hawa mota, ya ce zai koma garinsu, a gaban kowa ya miƙa min bututun nan.

Babbar kwastomata Madam Rifkatu ce, 'yar Filato, waccan mai rumfa shuɗiya. Ita ke kai wa otal-otal da manyan gidajen Maitama, inda kuku zai dawo maka da kwando guda saboda tabo ɗaya. Shekara da shekaru ba ta taɓa taya mota ban hau ba. Direba zai yi ta rantsuwa da Allah da Annabi, ko da Yesu in nasu ne, ita dai ta naɗe hannu ta ce, “Oga Sale bai shinshina ba, ni ba na saya.”

Sai shekarar korona. An rufe hanyoyi, mota ta yi kwanaki a shingen jami'an tsaro kafin ta iso, rabin abin da ke shigowa dafaffe ne. Ba a taɓa buƙatar hancina kamar lokacin ba, kuma a lokacin ne na yi mura da zazzaɓi. Ko ita ce ko ba ita ba ce, ban je gwaji ba. Na kwanta 'yan kwanaki na tashi, hanci a buɗe, iska na wucewa lafiya lau. Na hau motar da Madam ke so, na sa bututu, na shaƙa. Babu komai. Na zaro shi na hura, ko ya toshe. Na shinshina hannun rigata, shiru. Na sauko na nufi bolar bayan layi, inda ko akuya ke kau da kai, na tsuguna na ja numfashi har ƙirjina ya cika. Iska ce kawai.

Na dawo na ce, “Madam, nemi wani ya hau. Ba na jin komai.”

Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake. Da ta kalli fuskata ta daina.

Ba a yi sati ba Alhaji Mamman, shugaban layinmu, ya kira ni rumfarsa. Ya ce, “Sale, haƙuri za ka yi. Wanda ya ba ka shi ya karɓi abinsa. Ka ba Ɗanlami bututun, karen bana shi ke maganin zomon bana.” Ɗanlami ɗin shi ne mai hawa motocin lemo a lokacin, hancinsa yana da kyau, ban taɓa raina shi ba. Amma na ce, “Alhaji, robar famfo ba ta yi tsada ba, ya je ya yanko nasa. Wannan Baba Terna ne ya ba ni, kuma bai ce in ajiye ranar da na yi mura ba.” Alhaji ya ce taurin kai ba ya buɗe hanci. Na ce ba ya kuma toshe shi.

Na koma tura baro da furfurata, bututun a ɗaure a gefen baron. Abinci ya zama aiki. Harshe na jin gishiri, yana jin zaƙi da ɗaci, amma miyar kuka da miyar taushe duk ɗaya, tuwo kamar ana tauna katifa. Sai lokacin na san rabin daɗin abinci ta hanci yake bi. Wata rana ina zaune ina cin garau-garau na ga jama'a na ta ƙyalƙyala dariya suna toshe hanci. Ashe wani ɗan iska ne ya tura ruɓaɓɓiyar gwanda ƙarƙashin bencina. Wallahi ranar na ji zafin da ban taɓa ji ba a kasuwar nan. Ban tashi ba, na cinye abincina tas a wurin, sannan na ɗauki gwandar na ajiye masa a kan teburinsa.

Bayan wasu watanni, da safe ina tura baron abarba masu kyau, sai na ji warin kananzir. Na yi tsalle don murna, hanci ya dawo! Na fara faɗa, wane mara hankali ne ya zuba kananzir a kayan mutane? Aka shinshina, aka kalli juna. Babu kananzir, abarbar ce. Daga nan abin ya ɓalle. Albasa a kasko ta koma tayar da ake ƙonawa, nama ya koma kwata, sabulun wankana ma na kasa jure shi. Na ɗaure hanci da ƙyalle ina roƙon Allah ya mayar da ni inda ba na jin komai. Masu cewa sammu ne suka ce, masu kawo hayaƙi suka kawo, hayaƙin ma wari yake min.

Akwai wata likitar hanci da kunne, Dakta Hadiza, tana zaune a Lugbe, duk Asabar takan zo sayen lemo ni nake kai mata kayan bakin motarta. Ta ga ƙyallen ta tambaya, na gaya mata. Ta sa na je asibiti ta leƙa hancin da fitila, ta ce babu tsiro, babu toshiya. Sannan ta yi min bayani yadda zan gane.

“Baba, can saman hanci, kusa da tsakanin idanu, akwai wasu ƙananan jijiyoyi iri-iri har ɗaruruwa. Kowane iri da abin da yake kamawa a iska. Ƙamshin abarba ba abu ɗaya ba ne, abubuwa ne da yawa suke taɓa jijiyoyi da yawa lokaci guda, ƙwaƙwalwa ta haɗa ta ce abarba. Ciwon ya taɓa wurin. Yanzu suna farfaɗowa, amma wasu sun dawo, wasu ba su dawo ba, wasu kuma kamar mai gyaran wuta ya haɗa waya ba daidai ba. Ka danna makunnin ɗaki, fitilar banɗaki ta kama.”

Na ce, “Likita, tsaya. Makunnin nan, kullum fitilar banɗakin yake kunnawa, ko yau banɗaki gobe zaure?”

Ta yi dariya. “Yawanci abu ɗaya wari ɗaya yake bayarwa, amma yana iya sauyawa a hankali. Ba zan yi maka alkawarin komai ba.” Ta ce safe da yamma in riƙa shinshina abubuwan da na sani, lemon tsami, kanumfari, ina tuno yadda suke a da. Ta kuma ce in bar wa matata kula da tukunyar gas, don ni ko tana yoyo ba lallai in ji ba.

Na yi abin da ta ce, amma abin da na ɗauko daga maganarta daban ne. In dai kullum fitila ɗaya makunnin ke kunnawa, ai ba sai na jira mai gyara ba, sai in koyi gidan yadda yake yanzu. Na cire ƙyallen. Duk yamma in na ajiye baro sai in tafi bola da wuƙa, in tara abarba iri-iri, in rufe ido in shinshina, in faɗi abin da ke ciki, sannan in yanka in gani. Ɗanya, ƙarfe ne da aka jiƙa. Nunanna lafiyayya, kananzir zalla. Wadda ta fara tsami, kananzir da ɗan ƙaurin gashi, irin na babbakar kan rago. Ruɓaɓɓiya, babbakar ce kaɗai. Na yi amai a bayan motoci ba adadi. Mutane suka ce Sale ya taɓu, ga shi can yana hira da bola. Na kuma gano wani abu: kifi kam wayarsa ba ta dawo ba sam. In bi ta layin masu banda kamar na bi ta masallaci.

Na je na ce wa Madam Rifkatu ta gwada ni. Ta ce, “Oga Sale, kai da bakinka ka ce abarba yana maka warin kananzir. Yaya zan sa kayana a kan wannan?” Ban ga laifinta ba, amma ban daina zuwa ba.

Motar da ta raba gardama ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti ta shigo, kaya sun yi wuya, otal-otal sun dami Madam da waya. Tun daga bakin ƙofa jama'a ke toshe hanci. Ɗanlami ya hau, ya sa bututunsa, ya ɗago yana kakarin amai, ya ce, “Wannan ba dahuwa ba ce, mushe ne.” Direban, wani Sande, ya ce wallahi shekaranjiya aka yanko su. Wai lodin kifi ya kai Kudu da motar, ƙanƙarar ta narke, ruwan ya shiga katakon ƙasa da tamfol, ya wanke bai fita ba. Aka yi masa dariya, wane direba ne bai da labari? Mutumin ya zauna a kan taya ya dafe kai, don kayan na ƙungiyar manoman ƙauyensu ne, amana aka ba shi.

Na kwance bututuna daga baro na ce zan hau.

Alhaji Mamman ya ce, “Sale, kada ka mai da mu abin dariya.”

Na ce, “Alhaji, da tsohuwar zuma ake magani.”

“To ji sharaɗi, kowa shaida ne. In ka ce lafiya aka sauke aka ga ruɓa, a nan za ka ajiye bututun nan, kuma ƙafarka ba ta sake taka mota a layin nan ba.”

Na ce na ji. Na hau. Na lallaɓa bututun har ya taɓa katako, na ɗan ɗago shi. Na shinshina hannun rigata. Shaƙa ɗaya, gajera. Warin da ya kori kowa ni babu shi a duniyata. Abin da ya bugo ni kananzir ne, mai ƙarfi, tsantsa, kamar na buɗe tankin risho. Na koma gaban lodin na gwada, na koma baya na gwada, ina neman ƙaurin gashin nan ko siriri ne. Babu.

Na miƙe a kan motar na ce, “Lafiya take.”

Wurin ya ɗau surutu. Madam Rifkatu ta matso gindin motar ta ɗaga kai. “Oga Sale, ka tabbata? Me ka ji?”

“Kananzir, Madam. Tun da nake ban taɓa jin mai kyau irinsa ba.”

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta juya ta ce wa Sande, “Na saya. A sauke.”

Aka fara saukewa, masu lodi sun ɗaure hanci. Sahu na sama ya tafi, na biye da shi ya tafi. Ni ina tsaye riƙe da bututu don kada a ce an sauya wuri. Da aka kai tsakiya Ɗanlami da kansa ya sa hannu ya zaro ta daidai bakin bututun, ya matsa ta, ya juya ta. Aka wanke ta, Madam ta fere, ta yanka. Rawaya shar, ruwa na bin wuƙar. Sande ya ɗora hannu a ka yana kiran sunan Allah da yarensu.

Sai Madam ta soki yankan farko da bakin wuƙa ta miƙo, sai kuma ta tsaya, ta tuna yadda abarba ta koma min. A hankali ta ce, “Oga, bari Ɗanlami ya ci maka.” Alhaji Mamman ma ya ce a bar shi, ido ya gani ai.

Na ce, “Wa ya ce lafiya take? Ni ne ko Ɗanlami?”

Na karɓa na sa a baki. Kun taɓa tsotsar kananzir da tiyo ya kufce ya shige muku maƙogwaro? To ku haɗa shi da sukari. Idona ya kawo ruwa, duk layin abarba na kallon fuskata. Na tauna a hankali yadda Baba Terna yake yi, na haɗiye, na lashe yatsa. Sannan na miƙa hannu na ce Madam ta ƙaro.

Ga ni har yau. Albasa ta daina min warin taya, nama ya dawo ana iya ci, likita ta ce in gode wa Allah, na gode. Amma abarba ba ta dawo ba, kuma na daina jiranta. Ranar da mota ta dahu, bakina ya huta. Ranar da ta yi kyau, wadda kuke tsayawa kuna haɗiyar yawu kuna cewa tsohon nan ya ji daɗinsa, ranar kananzir nake ci a gabanku, kuma babu wanda ya taɓa ganin na yatsina.

Ga ta can ta kunno kai, ta Edo ce, na gane tamfol ɗin. Kai, matsa min da baron nan. Miƙo bututun, kuma ka yi addu'a ta yi kyau.